An Yi Wa Bappa Ƙarya da Bakina

Hammana, ɗan wan mahaifina, ya yi ƙarya da sunana ranar addu'ar ukun mahaifinsa. Ya miƙe tsaye a gaban jama'a ya ce wai Bappa, kafin ya cika, ya yarda a ba kamfanin rogo gonar gandunmu ta Iware gaba ɗayanta, har da kurmin da ke kewaye da idon ruwa. Ya nuna ni da hannu ya ce ni ne shaida. Da wannan zan fara, domin in na ɓoye shi, duk alherin da zan faɗa a kan Bappa zai zama na taya rufe abin da aka yi masa ne.

Ni ba ɗan boko ba ne. A aji biyu na sakandare na tsaya. Facin taya nake yi a bakin titi a nan Jalingo, damina kuma in koma gona. Wanda ya ga rubutuna ya karkace ya yi haƙuri. Bappa wan mahaifina ne, shi ya riƙe ni tun ina shekara tara da mahaifina ya rasu. Ba na so a manta da shi, ba na kuma so a tuna shi da maganar da bai faɗa ba.

A gidan Hamma, babban ɗansa, da ke Nukkai aka yi zaman makoki, don a nan Bappa ya yi jinyarsa ta ƙarshe, a garin nan kuma aka yi masa sutura. Matan ƙauyenmu masu daddawa suka zo cikin akori-kura ɗaya, tun daga bakin layi ake jin kukansu. Wata tsohuwa a cikinsu ta riƙe ƙyauren gida tana cewa, "Yanzu wa zai ce mana ɗorawa ta nuna?" Mutanen gari suka yi ta kallon juna, ba su gane ba. Mu mun gane. Bappa ne ke sa ranar fara ɗiban ɗorawa a kurmi, kafin ya sa rana ba macen da ke ɗaga sanda.

Fulanin da ke shayar da shanu a ƙasan kurmi da rani suka zo su huɗu, suka ƙi hawa kujerar roba, suka zauna a ƙasa. Babbansu ya yi doguwar addu'a da Fulatanci, ya share ido da gefen rawaninsa. Maƙwabcin gonar Bappa ma ya zo, wani dattijo ɗan ƙabilar Kona, Kirista ne, yana wa'azi a cocinsu. Sun fi shekara arba'in suna shan ruwa ɗaya. Ya cire hularsa ya zauna a bakin tabarma, ya ce da ni, "Abokina ya cuce ni. Mun yi da shi ni zan riga shi tafiya."

Abokan aikin Hamma kuwa, tun da shi ma'aikacin gwamnati ne, suka cika rumfa da manyan riguna da turare, kowa da wayarsa a hannu. A cikinsu akwai mutum biyu masu hula iri ɗaya. Na ɗauka 'yan ofishinsu ne, har ruwa na kai musu da hannuna. Ashe mutanen kamfani ne.

Ana gab da shafa Fatiha sai Hamma ya miƙe ya gyara murya.

"Jama'a, akwai wasiyya," in ji shi. "Mahaifinmu ya ce a ba kamfani gandu, yaranmu su samu aiki. Dogo yana wurin, ga shi nan."

Dogo ni ne, haka Bappa ke kirana saboda tsawon ƙafata. Kafin in haɗiye yawu, Hamma ya juya wajen liman ya ce, "Malam, a yi mana addu'a, Allah ya ba mu ikon cika wasiyya." Liman ya ɗaga hannu. Kowa ya ɗaga. A wurinmu ba a katse addu'a, ba a kuma ƙaryata babban ɗan mamaci a kan tabarmar makoki. Hamma ya san haka sarai, gida ɗaya muka tashi. Hannuna ya ɗagu da kansa, bakina ya ce amin. Jauro, mai garinmu, yana zaune kusa da liman, ya dube ni ya gyaɗa kai. A wurinsa na shaida ke nan.

Dattijon Kona ya mai da hularsa ya tashi ya fita bai sallame ni ba. Ba a jima ba Goggo, ƙanwar Bappa, ta aiko daga cikin gida a kira ni. Labari ya riga ni shiga.

"Dogo, da kunnenka ka ji ya faɗi haka?"

"Goggo, ba haka ya ce ba."

"To me ya kai bakinka amin?"

Ta juya mini baya ta ci gaba da jan carbinta.

Bari in faɗi wane ne aka yi wa wannan ƙaryar.

Gajere ne, baƙi, mai ƙaramar murya. Ban taɓa ganin kafaɗarsa ba fartanya ba, sai in zai shiga masallaci ya jingine ta a ƙofa. Ba ya shan fiya wata. In zai zo Jalingo sai ya ɗauro jarkar ruwan gida a bayan kekensa, in ka miƙa masa na leda ya ce, "Ba ka san uwarsa ba, ba ka san ubansa ba, ka ce in sha?" Ba ya zagi. In ka ɓata masa rai sai ya kira ka Alhaji. Duk wanda Bappa ya ce wa "Sannu Alhaji" a gona, ya san ya yi shirme. Ni na sha zama Alhaji tun ban san hanyar Yola, inda maniyyata ke hawa jirgi, ba.

Da mahaifina ya rasu, ya bar mini gonarsa ta tudu da ke bakin hanya, wadda ba ta cikin gandu. Ina yaro, ba zan iya noma ta ba. Bappa ya noma ta shekara goma, dawarta kuma bai taɓa zuba ta a rumbunsa ba. Rumbu daban ya gina mata, yana cewa na maraya ne. Ranar da na yi aure ya kai ni bakin gonar ya ce, "Ga ta nan. Duba da kyau, in ta ragu ka faɗa mini yanzu."

Amma abin da ya fi riƙewa a duniya kurmin nan ne. Idon ruwa ne ke fitowa daga gindin wani dutse a tsakiyar gandu, itatuwa sun rufe shi: ɗorawa, kaɗanya, ɓaure, maɗaci, da gora a bakin rafi. Ko rani ya kai ina ruwan ba ya ƙafewa. Daga nan yake gangarawa fadamar da muke shinkafa, ya wuce gonar dattijon Kona, ya kai mashayar shanu. Mata na samun kalwa da man kaɗe, Bappa na rataye amyoyinsa na zuma, mai ciwon ciki ya je ya sassaƙo maɗaci. In ruwan sama ya yi ƙarfi, kurmin ke tare shi kada ya kwashe mana shinkafa. In baƙo ya ce, "Malam, wannan ƙasar mai kyau ka bari daji ya cinye?" sai Bappa ya ce, "Ba daji ba ne, ma'aikacina ne. Dare da rana yana aiki, bai taɓa cewa in ba shi abinci ba."

Akwai al'adar da muka gada daga kakanmu. Ranar da aka yi ruwan shuka na farko, mai gandu zai tsaya a bakin idon ruwa ya yi taku sittin gabas, ya kafa turke, haka yamma, kudu da arewa. Maza na biye da shi suna ƙirgawa da ƙarfi. Cikin turakun nan ba fartanya, ba gatari, ba wuta. Abin da hannu ya tsinka da itacen da ya faɗi da kansa kawai ake fitarwa. Ba takarda, ba siminti, ƙafar mai gandu ce awo.

A nan muka yi wani kuskure da ba wanda ya lura da shi shekara da shekaru. Bappa yana tsufa, gwiwa ta fara ciwo, takunsa yana gajarcewa. Kowace shekara muna ƙirga sittin cif, kowace shekara kuma turke yana matsowa kusa da ruwa. Mu kuwa murna muke yi, ga layi biyu ko uku na baƙar ƙasa sun ƙaru a gona, masara tana fin mutum tsawo. Ba wanda ya ce ya yi sata, ai kowa ya ji an ƙirga. Ko da ruwan ya fara raguwa da rani, sai muka ce daminar ce ba ta yi kyau ba.

Goggo ce ta tona mu. Ta je tsintar kaɗe sai ta tarar da kaɗanyar da mahaifiyarsu ke hutawa a gindinta tana tsaye a tsakiyar masarar Hamma. Ta dawo gida tana faɗa tun daga nesa.

"Itacen Inna ya yi ƙafa ne ya fito daga kurmi, ko ku ne kuka shiga?"

Bappa ya ɗauki sandarsa muka bi shi. Ya sake takawa, sittin ta ƙare daidai kan turke. Daga turken ya ci gaba har gindin kaɗanya, muka ƙirga sha tara. Ya zauna a ƙasa ya miƙe ƙafafunsa yana kallonsu kamar na wani. Can ya ce, "Ashe ni ne ɓarawon."

Ranar ya sa muka bar duk layin da ya shiga, da masararsa a kai, ta kusa fitar da gemu. Yawancinta ta Hamma ce. Ya yi ta roƙo a bari a girbe tukuna, Bappa ya ce birai su girbe. Sannan ya jera mu maza yana duban ƙafafunmu kamar mai sayen doki, ya tsaya a kaina.

"Daga yau ƙafar Dogo ce awo. In ya tsufa ku ƙwace ku ba wani. Kada ku yi masa kara kamar yadda kuka yi mini."

Da na fara takawa Hamma yana bayana yana ihu, "Taku aka ce, ba tsalle ba!" Har dattijon Kona da ya tsallako kallo sai da ya riƙe ciki don dariya. Shekara sha huɗu ke nan ni nake taka kurmin. Shi ya sa Jauro ba zai sa hannu a kan wata takardar da ta shafe shi ba sai da yatsana a jiki. Shi ya sa kuma Hamma ya nemi amin ɗina, bai nemi na kowa ba.

Kada wani ya ɗauka ni mutumin kirki ne tun asali. Ni ma na taɓa yi wa Bappa rashin kunyar da har yau in na tuna sai in ji zufa.

Wata shekara wasu mutane suka zo da farar mota suka tara mu a gindin mangwaro. Suka ce bini da zugu, wannan da muke shinge da shi, a cikin 'ya'yansa akwai man da mota ke sha, har jirgin sama. Suka raba iri, suka ce duk abin da muka noma za su saya. Lokacin ina da 'ya'ya uku, na gaji da talauci. Na share gonata ta tudu tas na dasa shi, ko ƙwayar dawa ban jefa ba. Bappa ya same ni ina dashe.

"Sannu Alhaji. Wannan abin ko akuya ba ta cinsa. Ka sa shi a shinge inda muka san shi. Ranar da mai saye bai zo ba, me matarka za ta dafa?"

Akwai mutane a wurin. Na miƙe na ce, "Bappa, shekara nawa kana noma dawa? Ban da keke me ka mallaka?"

Ya gyara fartanyarsa ya wuce. Wata shida gaisuwa kawai ke haɗa mu.

Masu farar mota ba su dawo ba. Na cika buhuna na jibge a ɗaki har suka yi funfuna, matata ta yi sabulu da kaɗan, sauran na zubar. Damina ta biyu ta same mu ba hatsi, faci kuma ba ya ci da gida shi kaɗai. Akwai ranar da yara suka wuni da ruwan zafi da gishiri da ganyen rama. Girman kai ya hana ni zuwa wurinsa. Wata Juma'a da hantsi ina zaune a ƙofar gida sai ga Bappa yana tura kekensa, da damin dawa ɗaure a baya. Ya sauke a gabana, ya naɗe igiyarsa, ya ɗan bubbuga sirdin keken ya ce, "Ba laifi, yana iya ɗaukar dawa." Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Haka ya yi ta zuwa duk Juma'a har sabuwar masara ta nuna. Goggo kuma tana aiko wa matata daddawa da zuma ta kai kasuwa. Duka daga kurmi suke. Na san abin da kurmin nan yake yi, a cikin 'ya'yana na gani.

Saboda haka da kamfanin rogo ya zo bara, ni na fi kowa zafi. Sun ce za su noma rogo fili guda, su tatsi wani mai daga jikinsa, itanol suke ce masa, a gauraya da fetur. Waɗannan ba irin masu farar mota ba ne, da gaske suke, suna da tarakta da katafila, sun riga sun fara a wani ƙauye gaba da mu. Hamma ne ya kawo su. Sai da ya fara neman gonata ta bakin hanya, na ce ya bar maganar in yana so mu ci gaba da gaisawa.

Zan yi wa Hamma adalci, ko da shi bai yi mini ba. Maganarsa ba duka ce banza ba. Ƙasar tudu ta gaji, taki ya fi ƙarfin talaka, samarinmu sun gudo Jalingo suna jan Keke Napep na wasu, wasu ma ba abin da suke yi sai zaman bakin titi. Ya ce kamfani zai ɗauke su aiki, zai gyara hanya. Ya ce fetur ya yi tsada, in ƙasarmu za ta iya noma mai, don me za mu zauna muna gadin birai. Ni dai ban saurare shi ba. Bappa ne ya saurara. Har ya hau mota ya je ƙauyen da suka fara ya gani da idonsa. Da ya dawo muka kewaye shi.

"Rogon ya yi kyau," in ji shi. "Ban taɓa ganin irinsa ba, iya ganinka. Na ga yara da takalman aiki, sun yi ƙiba. Amma na nemi inuwar da zan yi azahar ban samu ba. Na kuma ga mata da jarka a kan titi, na tambaye su, suka ce rafinsu ya koma yashi, mudun dawa kuma sai sun zo Iware suke saye."

"To Bappa, a yi ko a bari?" in ji wani.

"Mota ma tana son abinci, ban hana ta ba. Amma kada ta riga yara ci."

Haka yake. Bai taɓa cewa abu baƙi ne duka ko fari ne duka ba. Ni ne mai irin wannan halin.

Ciwon ya kwantar da shi bayan girbi, aka kawo shi Nukkai. Kwana huɗu kafin ya rasu, bayan la'asar, ina zaune ina yi masa fifita sai Hamma ya shigo ya durƙusa a gefen katifa. Mu uku ne kaɗai a ɗakin. Zan rubuta yadda aka yi, Allah yana ji na.

"Baba, mutanen nan suna jira. Me zan ce musu?"

Bappa ya daɗe yana numfashi kafin ya ce, "Tudu naku ne. Wanda ya ga zai iya, ya ba su rabi, ya bar rabin da zai ci. Kurmi kuwa ba nawa ba ne da zan bayar. Samunsa na yi."

"Sun ce ba sa son tsibiri a tsakiyar fili, tarakta ba ta iya juyawa."

"Ta koyi juyawa."

"To amma ka yarda a yi magana da su?"

"Ku yi mana. Wa ya hana magana?"

Wannan "ku yi mana" ita Hamma ya ɗauka ya wanke ta, ya sa mata babbar riga, ya kai ta gaban jama'a ya ce wasiyya ce.

Bayan addu'ar uku na yi kwana tara ina yawo kamar wanda aka ɗaure wa dutse a ƙirji. In na kama taya sai in manta inda ƙusa ta shiga. A rana ta goma na hau mashin na tafi gona. Tun daga nesa na hango fegi masu jan fenti, an jera su sun ratsa kurmi ta tsakiya, ɗaya ma a bakin idon ruwan aka buga shi. A jikin manyan itatuwa an shafa jan fenti. Dattijon Kona yana tsaye a tsallaken rafi yana kallo. Na yi masa sallama, ya amsa da ƙyar.

"Baba, ba haka ya ce ba."

"Na sani. Na fi ka saninsa. Amma ni ba ɗan gidanku ba ne, in na yi magana za a ce rigimar addini nake nema. Kai ne ka ce amin." Ya nuna fadamarsa da haɓa. "In aka sare nan, waccan ta mutu. Jikoki bakwai nake ci da su da ita."

Ban taɓa fegi ko ɗaya ba, don in na tumɓuke za a ce ɓarna na yi, a kira mini 'yan sanda, maganar ta koma wata. Na juyo Jalingo. Ina isowa rumfata aka ce Hamma ya aiko yana nemana.

Na same shi a falonsa da azahar, fanka na juyawa, takarda a kan tebur da ɗan akwatin tawadar dangwale a gefe. Ya ce in zauna, na ce tsayuwa ta ishe ni.

"Katafila za ta shiga ran Litinin," in ji shi. "Jauro ya ce sai da yatsanka. Dangwala a nan."

"Ba zan dangwala ba."

Ya yi dariya. "Ka ce amin a gaban liman, a gaban Jauro, a gaban rabin Nukkai. Yanzu za ka koma ka ce kai maƙaryaci ne? Wa zai saurari mai faci? Kai da ka shuka bini da zugu 'ya'yanka suka sha ruwan rama, kai ne za ka koya mini noma?"

Wannan kam gaskiya ya faɗa.

Sai ya sassauta murya. "Dogo, ka ji. Na riga na yi musu alkawarin faɗin fili, an auna. In aka cire kurmi bai cika ba, za su tafi wani gari, yara ashirin su rasa aiki. Sunan babban ɗanka ne na farko a takardar, direban tarakta. Ka je ka gaya masa kai ka hana."

Nan ya taɓa ni, don yaron ya yi shekara uku yana zaune ba aiki, ya kai aure, uwarsa kullum da hawaye. Na dafa bayan kujera na yi magana, kuma bai katse ni ba.

"Hamma, fili kake nema ya cika? Ɗauki gonata ta bakin hanya. Tawa ce, ubana ya bar mini, ina da ikon bayarwa, ta kuma fi kurmi faɗi. Su shuka rogonsu, mota ta sha, yara su samu aikinsu. Ni da iyalina ma lallaɓa da 'yar fadama da faci, na taɓa yunwa, na san ba ta kashe ni ba. In bayan haka suka cire sunan ɗana don haushina, ni zan gaya masa da bakina, zan kuma iya kallon idonsa. Amma kurmi ba naka ba ne, ba nawa ba ne, ba za ka sayar da ruwan Goggo da na maƙwabta da na shanun mutane da yatsana ba. Ka ce wa zai saurari mai faci. Jauro zai saurara, don zan fara da kaina, in ce ni matsoraci ne, na ji ƙarya na ce amin. Wanda ya fara zagin kansa ba ka da sauran abin da za ka tsorata shi da shi. Ni da kai muka shiga kabarin nan muka kwantar da shi, kai ka riƙe kai, ni na riƙe ƙafa. Ƙasar ba ta gama bushewa ba ka sa masa magana a baki, alhali ba zai iya tashi ya ce a'a ba. To ni ina iya tashi. Yau za mu je Iware, kafin la'asar. Ko ka gaya wa Jauro abin da mahaifinka ya faɗa da bakinka, ka fita da sauran mutuncinka, ko in faɗa kana tsaye kana ji. Ɗauko makullin motarka."